Makaranta da Bala'i a Ƙasar Japan: Tarihin Koya wa Ɗalibai Tsira daga Girgizar Ƙasa da Guguwa

Duk wanda ya nazarci tarihin ilmi a ƙasar Japan zai tarar da wani fanni wanda ba safai akan ba shi irin wannan matsayi a wasu ƙasashe ba, watau koya wa ɗalibi yadda zai kuɓuta da ransa idan ƙasa ta girgiza, ko teku ya yi ambaliya, ko guguwa ta taso. Dalilin haka a fili yake. Tsibiran Japan suna zaune ne a mahaɗar manyan faya-fayan dutse guda huɗu na ɓawon duniya, waɗanda kullum suke gogayya, wani yana nutsewa ƙarƙashin wani. Kowace shekara kuma, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, guguwar teku takan taso daga kudu ta hau kansu da iska da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Amma sanin cewa akwai haɗari daban ne da sanin abin da ya kamata a koyar game da shi. Sau da yawa a tarihin wannan ƙasa, darasin da aka ɗauka daga bala'in jiya shi ne ya ɓad da mutane a bala'in da ya biyo baya. Bin diddigin wannan al'amari shi ne manufar wannan lacca.

Domin sauƙin fahimta, mai karatu ya lura cewa tun daga 1947 tsarin karatun Japan shekara 6 ne a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare.

Labarin wutar damman shinkafa

Ranar 24 ga Disamba 1854 wata babbar girgizar ƙasa ta auku a ƙarƙashin teku, kudu da Japan, ta turo irin igiyar ruwan nan da mutanen ƙasar suke kira tsunami. A ƙauyen Hiro, cikin lardin da ake kira Wakayama a yau, akwai wani attajiri mai suna Hamaguchi Goryo. Ruwa ya riga ya shiga gari, dare ya yi, mutane suna ta kame-kame ba su ga hanya. Sai ya sa aka cinna wa tarin karan shinkafa da ke gefen hanya wuta, hasken ya nuna musu inda za su bi su hau tudu. Bayan ruwa ya janye, ya ɗauki mutanen ƙauyen aiki da kuɗin aljihunsa, suka gina ganuwar ƙasa mai tsawon kimanin mita 600 da tsayin mita 5. Ganuwar ta yi amfani a 1946, lokacin da wata igiyar ta sake zuwa.

Marubucin nan Lafcadio Hearn ya tsara labarin da Ingilishi bayan tsunamin 1896, wadda ta hallaka kimanin mutum 22,000 a gaɓar Sanriku ta arewa maso gabas. Daga baya wani malamin makaranta, Nakai Tsunezo, ya sake tsara shi domin yara, aka sa shi cikin littafin karatu na aji biyar na firamare daga 1937 zuwa 1947. To amma labarin littafi ya sha bamban da abin da ya faru. A littafi, dattijo ne yana kan tudu, ya ji girgiza marar ƙarfi, ya hango teku yana janyewa, sai ya ƙona damman shinkafarsa don mutane su rugo kashe gobara, ta haka suka tsira. Labari ne mai daɗi, ya kuma zauna a zukatan yara miliyoyi. Sai dai ya bar abu biyu a baya. Ya ƙarfafa zaton cewa tsunami ba ta zuwa sai teku ya fara janyewa, alhali kuwa takan zo ba tare da wannan alama ba. Sa'an nan ya nuna cewa tsira tana hannun wani babba mai hangen nesa, aikin sauran jama'a shi ne su bi. Wannan zato na biyu ya fi na farko daɗewa a makarantun Japan.

Gobara da iska

Girgizar ƙasa ta ranar 1 ga Satumba 1923, wadda ta rusa Tokiyo da Yokohama, ta zo ne da ƙarfe 11:58 na safe, daidai lokacin da ake girkin rana. Wuta ta tashi a wurare da dama, iska mai ƙarfi kuma ta yi ta rura ta. Kimanin mutum 105,000 suka mutu ko suka ɓace, akasarinsu a gobara. A wani fili guda na tsohon ma'ajin tufafin soja, inda jama'a suka taru da kayan ɗakinsu suna zaton sun tsira, wuta ta kama kayan ta cinye kusan mutum 38,000. A kwanakin da suka biyo baya jita-jita ta bazu cewa 'yan Koriya mazauna ƙasar suna zuba guba a rijiyoyi, aka yi ta kashe su ba gaira ba dalili. Wannan ɓangare ne na tarihin da ya cancanci wuri a aji, domin ƙarya ma tana cikin abubuwan da suke kisa a lokacin bala'i.

Amsar da hukuma ta bayar ta gini ce. An sake gina makarantun firamare 117 a Tokiyo da kankare mai ƙarfe a ciki, aka haɗa 52 daga cikinsu da ƙananan filayen shaƙatawa don su tare wuta su kuma zama mafaka. Sauran birane ba su bi sahu da sauri ba, sai da guguwar Muroto ta zo ranar 21 ga Satumba 1934. Ta iso Osaka wajen ƙarfe takwas na safe, yara suna shiga aji. Makarantun katako masu bene suka yi ta ruftawa. Daga cikin mutum kusan 3,000 da suka mutu ko suka ɓace a ƙasar, fiye da 600 'yan makaranta ne na lardin Osaka. Hasumiyar da aka gina a 1936 kusa da fadar Osaka domin tunawa da su da malamansu tana nan har yanzu. Bayan wannan ne Osaka ta dage wajen mayar da makarantunta na kankare.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an soke littattafan da gwamnati ta tsara, labarin damman shinkafa ya fita tare da su. Manhajar 1947 ta keɓe wa rage ɓarnar bala'o'i babi sukutum a darasin zaman jama'a na ƙaramar sakandare, amma gyare-gyaren da suka biyo baya sun yi ta zaftare shi, saboda hankali ya koma kan lissafi da kimiyya da jarrabawar shiga manyan makarantu.

Cikin wannan hali guguwar Isewan ta faɗa wa yankin Nagoya a daren 26 ga Satumba 1959. Iska ta tura teku ya haura kusan mita 4, ya fasa shingaye, ya kwaso gumagumai daga ma'ajiyar katako ta tashar jiragen ruwa yana dukan gidaje da su. Fiye da mutum 5,000 suka mutu ko suka ɓace. A 1960 gwamnati ta mai da 1 ga Satumba Ranar Rigakafin Bala'i, a 1961 kuma aka kafa babbar dokar da ta raba wa gwamnatin tsakiya da larduna da ƙananan hukumomi ayyukansu. Aka zuba dukiya mai yawa a madatsai da shingayen teku da hasashen yanayi. Aikin ya yi kyau ƙwarai: daga 1960 har zuwa 1994 ba a sake samun bala'i guda da ya ci mutum dubu ba.

Nasarar injiniyoyi ta rage wa malami aiki. Abin da ya saura a makaranta shi ne atisaye. Ƙararrawa ta kaɗa, yara su shige ƙarƙashin tebur, sa'an nan su fita a jere zuwa filin makaranta, a kira suna, a jira umurni. Akan koya musu kada su ture juna, kada su yi gudu, kada su yi surutu. Ga gobara da faɗuwar gilashi, wannan tsari daidai ne. Amma ya ɗauka cewa bala'i zai zo ne lokacin karatu, malami yana tsaye, kuma filin makaranta shi ne ƙarshen tafiya. A watan Mayu 1983 girgizar ƙasa ta auku a Tekun Japan, tsunami ta tafi da 'yan firamare 13 waɗanda suka zo yawon buɗe ido bakin teku a Oga daga wani gari na cikin ƙasa. Mutane da yawa a wannan gaɓa sun yi imani cewa tsunami abin gaɓar Fasifik ce kawai.

Kobe da makarantar Maiko

Girgizar ƙasa ta Kobe ta zo da ƙarfe 5:46 na asuba, ranar 17 ga Janairu 1995. Babu ɗalibi ko ɗaya a aji. Mutum 6,434 suka rasu, mafi yawansu gidaje ne ko kayan ɗaki suka danne su suna barci. Shekaru talatin na shiga ƙarƙashin teburin makaranta ba su amfani yaron da kabad ya faɗo masa a gida ba. An kuma lura da wani abu: akasarin waɗanda aka zaƙulo da rai daga ƙarƙashin gine-gine, dangi da maƙwabta ne suka zaƙulo su, don ma'aikatan ceto ba su isa ko'ina ba. Makarantu suka zama sansanin dubban mutane har tsawon watanni, malamai suna rabon abinci da bargo. 'Yan sa kai fiye da miliyan ɗaya, da yawansu matasa, suka kwararo birnin.

Daga nan lardin Hyogo ya soma kallon ɗalibin sakandare da wani ido. Saurayi ko budurwa mai shekara 16 ko 17 yana da ƙarfin ɗaukar tsoho, yana da hankalin karanta taswira, kuma da rana, lokacin da iyaye suke wurin aiki a nesa, shi ne sau da yawa mafi ƙarfi a unguwa. A watan Afrilu 2002 aka buɗe sashen nazarin muhalli da rigakafin bala'i a babbar sakandaren Maiko da ke Kobe, irinsa na farko a ƙasar, aji ɗaya na ɗalibai 40 kowace shekara. Wanda ya jagoranci sashen, Suwa Seiji, malamin Ingilishi ne, domin a lokacin babu wani malami da aka horar a wannan fanni, babu kuma littafi. Sai aka gina darussa daga bakin waɗanda suka ga abin da idonsu: 'yan kwana-kwana, ma'aikatan ruwa da lantarki, masana, da iyalan mamata. Ɗalibai sukan zagaya unguwanni su zana taswirar haɗari, su je firamare su koyar da ƙannensu, su kuma ziyarci Nepal don musayar sani da takwarorinsu. Sai dai aji guda ne a ƙasa mai manyan sakandare kusan dubu biyar.

Makarantu biyu, rana ɗaya

Ranar 11 ga Maris 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.0 ta auku a teku gabas da yankin Tohoku. Kusan mutum 15,900 suka mutu, wasu 2,500 ba a gan su ba, fiye da kashi 90 cikin ɗari na mamatan kuma ruwa ne ya ci su. Wannan karon yara suna makaranta, ko suna shirin tashi.

Garin Kamaishi, a lardin Iwate, yana da shingen teku wanda aka kammala a 2009 bayan aikin shekara talatin, mai zurfin mita 63, mafi zurfi a duniya. Ga shinge irin wannan, manya ba su cika zuwa taron faɗakarwa ba. Saboda haka tun daga 2004 Farfesa Katada Toshitaka na Jami'ar Gunma ya juya ga yara da malamansu. Abin da ya koyar ya saɓa wa al'adar makaranta. Ya ce wa ɗalibai kada su dogara da taswirar haɗari da hukuma ta raba, domin taswira zato ne na irin igiyar da aka taɓa gani, teku kuwa bai yi alkawarin tsayawa a layin da aka zana masa ba. Ya ce idan sun isa mafaka kada su ce shi ke nan, matuƙar akwai wuri mafi tsayi da sauran lokaci. Mafi wuya kuma, ya ce kowa ya zama na farkon gudu, ko da za a yi masa dariya, don mutum ba ya motsawa sai ya ga wani ya motsa. Wannan ya dace da wata tsohuwar hikima ta mutanen Sanriku, wai idan tsunami ta zo kowa ya yi ta kansa. A kunne maganar kamar rashin tausayi ce, amma ma'anarta ita ce iyali su yarda da juna tun kafin ranar, don kada uwa ta koma gida neman ɗan da ya riga ya hau tudu.

Ƙaramar sakandaren Kamaishi ta Gabas da firamaren Unosumai da ke maƙwabtaka da ita duk suna wajen layin ambaliya a taswira. Da ƙasa ta girgiza wuta ta ɗauke, lasifikar makaranta ta mutu. 'Yan sakandare suka fita da gudu suna ihun tsunami na zuwa. 'Yan firamare an riga an hau da su bene na uku, amma ganin yayyensu suna gudu sai aka sauko da su suka bi. Kimanin yara 570 suka isa mafakar da aka tsara, wani gidan kula da tsofaffi. Da aka ga gefen dutsen da ke bayansa yana zaizayewa, sai aka ƙara gaba, manya riƙe da hannun ƙanana. Ruwa ya shanye mafakar farko bayan tashinsu. Daga baya an tarar da mota maƙale a bene na uku na firamaren. Cikin 'yan firamare da ƙaramar sakandare kusan 3,000 na garin, 5 ne suka rasu, su ma ba sa hannun makaranta a lokacin.

Jaridu sun kira wannan abin al'ajabi, amma mutanen garin ba su so sunan ba, kuma suna da hujja. Fiye da mutum 1,000 suka mutu ko suka ɓace a Kamaishi. A unguwar Unosumai ɗin kanta akwai wani sabon gini mai hawa biyu da ake kira cibiyar rigakafin bala'i. Ba ya cikin wuraren gudun tsunami, amma an riƙa yin atisaye a cikinsa don sauƙaƙa wa tsofaffi hawan tudu. Ran da abin ya zo, ƙafafun mutane suka kai su inda suka saba zuwa, aka ƙiyasta fiye da 160 sun mutu a ciki.

Can kudu, a birnin Ishinomaki na lardin Miyagi, firamaren Okawa tana kusan kilomita 4 daga bakin kogin Kitakami. Ita ma tana wajen layin ambaliya, har ma an sa ta cikin jerin mafaka. Malamai suka fito da yara fili, suka kira suna, kamar yadda aka koya. Akwai tudu a bayan makarantar, tafiyar 'yan mintoci. Aka shafe kusan minti 50 ana shawara, domin littafin ƙa'idojin makarantar bai ambaci takamaiman wurin da za a nufa daga fili ba. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin cewa akwai yaran da suka ce a hau tudun. Da aka tashi, sai aka nufi wani ɗan tudu kusa da gadar kogi, watau wajen da ruwan yake tahowa. Yara 74 cikin 108 da malamai 10 suka hallaka.

Iyalan yara 23 suka kai ƙara a 2014. A watan Afrilu 2018 babbar kotun Sendai ta yanke cewa laifin ya fara ne tun kafin ranar: wajibi ne shugabannin makaranta da hukumar ilmi su auna haɗarin wurinsu da kansu, su sanya sunan mafaka da hanyar zuwa, ko da taswirar hukuma ta ce ruwa ba zai iso ba. Ta sa a biya diyyar yen biliyan 1.4 da ɗoriya, Kotun Ƙoli kuma ta bar hukuncin yadda yake a Oktoba 2019. Ga ma'aikacin gwamnati wannan hukunci abin tsayawa ne a yi tunani, don ya nuna cewa bin takardar da ofis ya bayar ba ya sauke nauyi.

Komawa ga ruwan sama

Bayan 2011 lardin Miyagi ya naɗa malami mai kula da rigakafin bala'i a kowace makarantar gwamnati. A 2016 babbar sakandaren Tagajo ta buɗe sashen kimiyyar bala'i, na biyu bayan Maiko. Ɗalibanta sun bi titunan garinsu suna liƙa alamar tsayin da ruwa ya kai a jikin turakun lantarki. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 5 ga Nuwamba domin faɗakarwa kan tsunami, ranar da ta yi daidai da wutar Hamaguchi a tsohuwar kalandar Japan, a shekara mai bi kuma 'yan sakandare daga ƙasashe 30 suka yi taro a garin Kuroshio a kan wannan batu.

Ana cikin wannan sai sama ta kawo nata gyaran. A watan Yuli 2018 ruwan sama na kwanaki ya kashe fiye da mutum 200 a yammacin Japan. A gundumar Mabi ta birnin Kurashiki mutum 51 suka mutu, galibinsu tsofaffi, da yawa a ƙasan gidajensu. Da aka ɗora taswirar haɗari a kan yankin da ruwa ya mamaye, sai aka ga kusan sun yi daidai. A Okawa taswira ta yi ƙasa da gaskiya, a Mabi ta faɗi gaskiya ba a yi aiki da ita ba. Wanda ya fahimci darasin Kamaishi a matsayin watsi da taswira bai fahimce shi ba. Inda aka shafa wa launi haɗari ne tabbas, inda aka bari fari ne ba shi da tabbas. A cikin wannan wata zafi ya kai digiri 41.1 a Kumagaya, wani ɗan aji ɗaya na firamare kuma ya rasu a birnin Toyota bayan darasi a waje cikin rana, abin da ya sa gwamnati ta ware kuɗi don sa na'urar sanyaya ɗaki a azuzuwa.

Guguwa da ambaliya sun bambanta da girgizar ƙasa ta fuska ɗaya muhimmiya: sukan ba da sanarwa, wani lokaci ta kwana biyu ko uku. Don haka koyar da su koyar da yanke shawara ne a kan lokaci. Tun bayan fashewar kogin Kinu a Joso a 2015 aka soma yaɗa wata dabara a makarantu, inda kowane ɗalibi zai rubuta wa gidansu jadawali: abin da za a yi kwana uku kafin guguwa, abin da za a yi idan kogi ya kai wani ma'auni, wa zai ɗauki kaka, ta wace hanya. A 2019 aka mayar da gargaɗin hukuma matakai biyar don jama'a su gane lokacin tashi. Daga Afrilu 2022 kuma labarin ƙasa ya zama tilas ga kowane ɗalibin babbar sakandare, karo na farko cikin kusan shekara hamsin, da karatun taswira da haɗuran yankin ɗalibi a cikin manhajarsa. Matsalar da ta bayyana nan da nan ita ce ta malamai, domin da yawa daga masu koyar da darasin tarihi suka karanta.

Girgizar ƙasa ta zirin Noto, mai ƙarfin maki 7.6, ta zo da ƙarfe 4:10 na yammacin 1 ga Janairu 2024, ranar hutun sabuwar shekara, ɗalibai suna gidajen iyaye da kakanni. Hanyoyi suka tsage, ƙauyuka suka yanke daga sauran ƙasa, makarantu suka sake zama sansani. Cikin watan aka kwashe 'yan ƙaramar sakandaren Wajima kimanin 250 zuwa kudancin lardin Ishikawa don su ci gaba da karatu nesa da iyayensu. A watan Satumba na shekarar, kafin a gama kwashe ɓaraguzai, ruwan sama mai tsanani ya sauka a kan tsaunukan da girgizar ta riga ta sassauta, koguna suka cika suka batse, laka ta shiga har cikin gidajen wucin gadi da aka gina wa waɗanda suka rasa muhallinsu a Janairu.